Zakaran da Na Karya wa Ƙafa a Ruwais

Shekara biyu na yi a hanya kafin idona ya ga Jidda. Ba zan ɓata bakina a kan tsintar auduga a Sudan ba, balle jirgin ruwan da ya kwaso mu daga Bur Sudan kamar awaki, kowa yana amai a ƙafar ɗan'uwansa. Ribar da na ci a shekarun nan ita ce ɗan Larabcin da zan tambayi hanya da shi, in kuma gane idan an zage ni. A gida lokacin fam da sule ake kashewa, naira ba ta fito ba. Sunana Haruna, maɗori ne ni, ɗan maɗori, jikan maɗori. Abin da na sauka da shi jakar fata ce guda ɗaya, da man kaɗanya a ciki, da tsummoki, da ɗan damin kara da na fere da hannuna.

Bayan na sauke farali na dawo Jidda neman abin sawa a baki. A Bab Makka na yada zango, cikin 'yan dako da masu tallar yadi. A nan wani mutum ya ji ina mita da Hausa ya dafa kafaɗata. Bakur sunansa, haifaffen Jidda, kakansa Bakatsine ne da ya zo hajji a ƙasa bai koma ba. Hausar tasa rabi Larabci ce, amma ranar daɗinta na ji kamar an miƙo mini fura a tsakar rani. Ya ce ni ɗan'uwansa ne, halas, wato shi ke nan, in kawo fasfo zai nema mini kafili, wato wanda zai tsaya mini a ba ni iƙama, takardar zama. Na miƙa masa da hannu biyu. Da ɗan gari kan ci gari, in ji masu magana, sai dai ba su faɗa mana cewa wani sa'in baƙon ake ci ba.

Ya kai ni unguwar Nuzla, ɗakin kwano da katakon akwati, mu shida a ciki. Zafi kamar tanderu, ƙuda ba a magana, ga kwata ta zo bakin ƙofa ta kwanta abinta. Tir da wannan ɗaki. 'Yan dakon tashar jiragen ruwa su ne majinyatana, wannan buhu ya danne shi, wancan ya faɗo daga kan mota. Ni ke ɗori, Bakur ke karɓar godiya. Da yamma sai ya zauna yana ta tambayata sirrin sana'a, ni kuma kewar gida ta sa bakina ya ƙi rufuwa. Har maganar zakara sai da na gaya masa.

A gidanmu, in karaya babba ce, ranar da za a ɗora mutum ana kawo lafiyayyen zakara. Maɗori ya karya masa ƙafa, irin wadda mutumin ya karye, ya ɗora su tare, kara ɗaya, mai ɗaya, tofi ɗaya. Daga nan ba ya sake taɓa zakaran, a keji ake ajiye shi. Ranar da ya tsattsage ɗaurin da bakinsa ya taka ƙasa da kansa, ranar ake kwance wa mutum ɗaurin farko, a ba shi sanda ya fara takawa. Zakaran kuwa ba a yanka shi, sakinsa ake yi sadaka. Mahaifina yakan ce majinyaci yana ƙarya don ya gaji da kwanciya, danginsa suna ƙarya don sun gaji da jinya, amma zakara ba ya ƙarya. A kan wannan na tashi.

Ina wata na biyar a Nuzla Bakur ya zo da mota ya ce yalla, in taso, kafili ya samu. Muka nufi Ruwais, wajen bakin teku, wani gida mai bene da fanka a kowane ɗaki. Mai gidan ɗan ƙasar Labanan ne, attajiri mai sayar da firji, ana ce masa Abu Nadim. Bai amsa sallamata ba, hannuwana ya kalla kamar mai tayin jaki. Bakur ya raɗa mini cewa in riƙa ce masa ammi, wato baffana, alhali mutumin bai ba ni shekara goma ba. Shi kuwa tun daga ranar har na bar gidan bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya Takruni, wato Takari. A falo akwai kabad ɗin gilashi cike da kofunan azurfa, sai da ya tsayar da ni a gabansu ya nuna mini ɗaya bayan ɗaya kafin ya tuna yana da ɗa a kwance.

Ɗan shi ne Nadim, mutum mai shekara ashirin da tara, fuska duk rana ta ƙona sai zagayen ido fari. Ƙafarsa ta hagu tana cikin siminti tun daga cinya har yatsu. Sana'arsa wasan zamiya a kan ƙanƙara, ya karye ne a duwatsun Turai wajen atisaye, kwana tara da suka wuce. Likitocin can sun ce wata huɗu. Uban ya ce bai yarda ba, domin akwai babbar gasa nan da wata biyu, kuma Bakur ya tabbatar masa cewa ɗorin Takari ya fi na Bature sauri. Na ce masa ni ba na sayar da sauri, sauri ya haifi nawa. Ya ce to me nake sayarwa. Na ce zakara ne zai faɗi rana, ba ni ba, ba shi ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya sa aka kawo zarto aka yanke simintin.

Da na ɗora yatsuna a kan ƙwaurin sai na gane abin da ke ciki. Ƙashin ya murɗe ne ya tsage a karkace, kamar rake in an murɗa shi. Gaskiya ita ce kamata ya yi in ce a mayar da simintin nan in kama gabana. Ban faɗa ba. Fasfona Bakur ya riga ya miƙa wa mai gidan, yana aljihunsa, wannan ɗaya. Na biyu, wanda ya fi ba ni kunya, ina so a ce Haruna ya yi abin da ya gagari Bature. Aka kawo jan zakara daga kasuwa, na yi bisimilla na karya masa ƙafar hagu, na ɗora su tare. Nadim bai yi ko tari ba da na ja ƙafarsa, zufa kawai ta wanke shi. Amma da ya ji ƙarar ƙashin zakaran sai ya kau da kai.

Aka ba ni tabarma a bakin ƙofarsa. Kullum safe da yamma in shafa mai, in taɓa, in yi tofi. Shi ke kirana ammi Harun, kuma shi ya fara tambayata ko na ci abinci a gidan nan. Da zaman ya yi tsawo sai ya shiga ba ni labarin wasan nasu, wanda suke ce wa silalom. Ya jera kofunan shayi a kan faranti, biyu-biyu, ya ce kowane biyu ƙofa ce, sandunan gora ne da ake kafawa a gangaren dutse da tuta ja ko shuɗiya. Mutum zai ɗaura katako biyu dogaye a ƙafa ya sako daga sama, ya bi ta cikin kowace ƙofa, dama, hagu, dama, hagu, agogo yana ƙirga masa. Ya riƙa bi da yatsa tsakanin kofunan, kafaɗunsa suna karkata da kansu a kan gado. Ya ce wanda ya ci da wanda ya faɗi, tazararsu ba ta kai ƙiftawar ido ba, kuma in ka tsallake ƙofa ɗaya tak, ko da ka fi kowa gudu, an fitar da kai.

Na ce masa to a ƙasan dutsen me ake samu, ruwa ko abinci? Ya ce babu komai, komawa sama ake yi a sake. Na ce Allah ya shirye ku. Ya yi dariya har ƙafar ta motsa na daka masa tsawa.

A ƙauyen mahaifiyarsa ya tashi, kan dutse, inda ƙanƙara ke rufe ƙofar gida da sanyi. Yana ɗan shekara biyar kawunsa ya ɗaura masa katakon ganga a ƙafa ya tura shi gangare. A ƙasarsu ya cinye kowa, kofunan falo duk daga can suke. Amma a Turai, da yake ƙasarsu ba ta da suna a wasan, sai a sa shi cikin na ƙarshe, bayan gwanaye sun gama farfasa hanya ta zama ramuka. Shekara tara yana bin ramukan mutane, bai taɓa shiga sahun gaba ba, bai kuma taɓa fasa zuwa ba. A bara ne ya ɗan matso, har za a ba shi lambar tashi ta kirki a bana. Uban da bai taɓa hawa dutsen ya kalle shi ba, tunda jarida ta buga hotonsa sai ya sa aka manna shi a kalandar shago, yaron yana tsakiyar ƙanƙara, firji a gefensa. Ya kuma riga ya cika wa abokan cinikinsa baki cewa ɗansa zai shiga gasar bana. Kullum sai ya leƙo ya tambayi zakara, bai taɓa tambayar ƙafa ba.

Mutum ɗaya ce ta sa gidan ya zaunu mini, Khala Sa'a mai girki, Bahaushiyar Sudan, dattijuwa mai ƙarancin magana. Ranar Juma'a takan tuƙa mini ɗan tuwo a ɓoye da miyar kuka, har da daddawar da ban san inda take samowa ba. Ranar farko da na kai loma hawaye ya zubo mini, ta yi kamar ba ta gani ba. Ita ke ba zakaran hatsi a bayan kicin. Ita ma iƙamarta tana hannun mai gidan.

Ranar kwana goma sha biyu, da hantsi, na ji hayaniya a tsakar gida. Bakur ne ya zo tun da safe, yana ta kabbara. Na fita na tarar da kejin a buɗe, kara da tsumma a yashe a ciki, ga jan zakara yana taku a kan siminti yana ƙwaƙular ƙasa, ko ɗingishi babu. Abu Nadim ya rungume ni, karo na farko da jikinsa ya taɓa nawa. Maƙwabta suka taru ana cewa hannun Takari akwai albarka.

Ni kuwa na san zakara bai taɓa takawa a gidanmu kafin mako uku ba. Na kuma san abin da yatsuna suka ji a ƙwaurin Nadim da asubar ranar, ƙashin da ɗan taushi, bai kama ba. Na tsaya tsakanin yatsuna da maganar mahaifina. Ban ɗauki zakaran na duba ba, don a gidanmu ba a taɓawa. Na ce a raina wataƙila albarkar ƙasa mai tsarki ce. Kai, ɗan Adam in yana son yabo babu abin da ba zai gaya wa kansa ba. Na shiga na kwance ɗaurin, na ba Nadim sanda. Ya taka, fuskarsa ta yi fari fat, ya ce babu zafi. Aka saki zakaran ya haura katanga.

Da azahar aka yi walima, shinkafa da kaji. Ni a bayan kicin ake ba ni nawa. Khala Sa'a ta ajiye mini kwano da cinya guda a kai, ta tsaya ba ta tafi ba. Na ci naman, yunwa nake ji. Da na zo ƙashi sai ya rabu biyu a hannuna ba tare da na matsa ba. Na duba. Karaya ce a ƙasan gwiwa, a karkace, da ɗan danƙo-danƙo da ya fara taruwa a bakinta bai gama ba. Na san wannan karaya, ni na yi ta da babban yatsana.

Na ɗago na kalli Khala Sa'a. Ta ce, "Malam, ni dai an ce in dafa, kada a yi asarar nama. Na ga ya kamata ƙafar ta koma wa mai ita." Ta juya ta shige kicin.

Sai da na amayar da duk abin da na ci a gindin katanga. Sun sayo wani jan zakara sun saka a kejin, nawa kuma ko jefar da shi ba su iya yi ba, sai da rowa ta sa suka dafa shi. Bakur ne kaɗai ya san ba na taɓa zakara bayan ɗori, da bakina na gaya masa. Wallahi ban taɓa jin ƙyamar mutane irin ta ranar ba, kuma har da ni a ciki.

Ban bi ta falo ba, na haura wajen Nadim kai tsaye na sa masa ƙashin a tafin hannu. Na ce masa ga ƙafarka nan, haka take a ciki, ka koma ka kwanta in sake ɗaurewa, mu jira. Ya daɗe yana juya guntayen biyu, yana haɗa su suna rabuwa. Ashe bai san abin da aka ƙulla ba, na gani a idonsa. Na ɗauka zai yi fushi da uban. Sai ya ce, a hankali, "Ammi Harun, shekarata ashirin da tara. In na tsallake wannan ƙofar an fitar da ni, babu wata a gaba."

Na ce masa ƙafa ɗaya ce ta hagu Allah ya ba shi, ita ma babu wata a gaba. Ya roƙe ni in ɗaure masa da ƙarfi yadda za ta shiga takalmi. Na ce hannuna ba zai sake yin ƙarya a gidan nan ba. Ya sa ƙashin a aljihun rigarsa.

Abu Nadim ya ji, ya hau sama yana kumfar baki. Ya ce da ma wa ya yarda da tsafin kaza, ya yi ne don in daina ɓata masa lokaci. Na ce masa wanda bai yarda da zakara ba ai ba ya sayo na biyu. Kafin la'asar jakata tana waje. Fasfon ya jefo mini ta taga, babu iƙama babu dalilinta. Bakur kuwa ya ce mini, ya akhi, kai ba ka san zaman Jidda ba. Na ce in wannan ne zaman, Allah ya sa in mutu ban sani ba. Daga ranar ban sake amsa sallamarsa ba.

Na koma Nuzla ina ɗori a ɓoye, ina kauce wa 'yan sanda. Bayan wata uku labari ya iso, kuma da sunana ya iso. Wai ɗan attajirin Ruwais ya karye a Turai, Takarin da ya ɗora shi ne ya cuce shi. Abu Nadim ke faɗa a shago, Bakur ke rabawa a unguwa. 'Yan dakon da na ɗora da hannuna suka fara wuce ƙofata suna kallon gefe. Sai da na koma ɗaukar kaya a Bab Makka, ni da kakana ya ɗora mahaya dawaki.

Rani ya zagayo, wata ranar Juma'a bayan an sauko, ina zaune a bakin ƙofa sai na ga mutane suna darewa. Nadim ne, da sanda, ya rame, ƙafar hagu ta gajarce yana jan ta. A hammatarsa akwai jan zakara. Ya zauna a kan tabarmata a gaban kowa, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji, ya ce wannan mutumin ya hana shi tafiya, shi ne ya ƙi ji. Sannan ya ciro ƙashin nan daga aljihu ya ajiye a gabana.

Ya ce ya shiga gasar. An ba shi lambar da ya yi shekara tara yana nema, hanya sumul babu rami ko ɗaya. Ya wuce ƙofofin sama lafiya, bai taɓa jin daɗin gudu irin na ranar ba. A tsakiyar gangare, wajen juyawa hagu, ya ji ƙarar da ya taɓa ji ranar da na karya zakara. Ƙashin ya huda fata ya fito. Uban bai je asibiti ba, kalandar kawai ya sa aka sauke.

Ya miƙo mini zakaran ya ce in sake karya ƙafar in ɗora, wannan karon zai jira ko shekara ce.

Na naɗe masa wando na bi ƙwaurin da yatsuna, tun daga gwiwa har idon sawu. Ƙarfe ne a ciki da ƙusoshi, ƙashin ya haɗe a karkace ya bushe. Na daɗe ina taɓawa, ba don ban gane ba, sai don ba na son in faɗa. Na ce masa, "Nadim, wannan ta wuce ɗori. Za ta kai ka masallaci, za ta kai ka kasuwa. Ba za ta kai ka kan dutse ba."

Ya gyaɗa kai, kamar da ma abin da ya zo ji ke nan daga bakin da ba zai yi masa ƙarya ba. Na karɓi zakaran na kwance masa igiya na sake shi da ƙafafunsa biyu lafiya. Tun daga ranar ban sake karya wa wani zakara ƙafa ba, abin da yatsuna suka gaya mini shi nake faɗa, ko za a kore ni. Naman kaza kuma har yau ba ya wuce mini maƙogwaro.

Ya tashi ya yi mini sallama. Layinmu na Nuzla duk kwata ce da gwangwanaye da tulin shara, sai mutum ya yi ta kaucewa. Na bi shi da kallo yana tafiya da sandarsa, ya kauce dama, ya kauce hagu, kafaɗunsa suna karkata tun kafin ƙafar ta bi, kamar yadda suke yi a kan gado in yana bin kofunan shayi da yatsa. Ban taɓa ganin ƙanƙara a kan dutse ba, ba kuma zan gani ba. Iyakar abin da na gani na wasan Nadim ke nan, kuma har ya sha kwana bai taka kwata ko ɗaya ba.